Madafin Tsaye

Baba masassaƙin jirgi ne, kuma mutum ne da idan abu ya shiga kansa sai dai a yi haƙuri. Inna kuwa ba ta da irin wannan haƙurin. Ni na biyo ta a baki, na biyo shi a taurin kai, saboda haka duk gardamar da aka yi a gidanmu ina da ƙafa a kowane ɓangare. Ni ce 'yar fari, ni ce kuma kaɗai da ta rayu, don haka ba sa kama sunana. Tun da na fara koyarwa suka koma kirana Malama, Baba da alfahari, Inna da tsiya.

Gidanmu yana bakin tafkin Kainji, kudu da Yelwa. Iyayena mutanen gungu ne, wato tsibiran tsakiyar kogin Kwara da ruwan madatsa ya cinye tun ina goye. Gwamnati ta gina wa mutanenmu gidaje a jere a kan tudu, amma Baba ya ce shi ba zai yi sassaƙa a tsakiyar jama'a ba, yana son inda zai jawo gungume daga ruwa kai tsaye. Sai ya kafa nasa gidan can gefe, da wani hannun ruwa tsakaninmu da sauran gari. Daga gari ba a hangen ƙofarmu, mangwarori sun kare ta. Hayaƙinmu kawai ake gani.

Wannan bai dami kowa ba, don haka aka saba tun a gungu. Can ba a jin kira, ba a aiken yaro a ƙafa. Mace idan ta fito da safe, kafin ta ɗora tukunya sai ta ɗaga kai ta duba hayaƙin dangi. Wanda ya tashi, lafiya lau. Idan gida ya kwana bai yi hayaƙi ba, ya kuma wayi gari bai yi ba, to ba a jiran aike, an yi rashi ke nan. Ba a hura wuta a gidan da gawa ke kwance, kuma wanda ya rage ba ya barin mamaci ya tafi shela. Sai a ɗauki abinci da kayan haƙa a shiga jirgi. Gungu ya nutse, amma matanmu sun hau tudu da wannan al'adar.

Inna ta yi rabin rayuwarta tana bandar kifi, sauran rabin kuma a gaban murhu, cikin wani ɗan ɗakin girki na ciyawa da kunkunniya ta mayar baƙi ƙirin. Tun ina ƙarama na san ta da tari, ba mu taɓa ɗaukarsa ciwo ba. Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, tarin ya canza. Sai ta tsaya a tsakiyar magana ta dafa bango, tana neman numfashi. Na ja ta asibiti da ƙyar. Likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ce huhunta ya gaji. Idan ta rabu da hayaƙi gaba ɗaya, tana iya ganin shekaru. Idan ba ta rabu da shi ba, shi ba shi da wani maganin da zai ba ta.

A hanyar komawa ta ce mini, "Malama, likitan ga ya taɓa ganin tuwon da ya nuna babu wuta?"

Bandar kifi dai ta bari, bayan na yi kuka na yi rantsuwa. Girki kuwa ta ce ko a mafarki. Matar da ba ta dafa wa mijinta abinci da hannunta, in ji ta, baƙuwa ce a gidan.

Ana cikin haka ma'aikatan sabuwar jiha suka zagayo suna neman masu sana'ar hannu da za a kai kasuwar baje koli a Kaduna, don a nuna wa duniya cewa mu ma muna da abin nunawa. Aka ɗauki Baba da 'yan kwalekwalensa na ado, da akusa, da kujerun mata. Ya dawo ba ya maganar abin da ya sayar, ba ya maganar girman Kaduna. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Malama, na gano maganin tarin uwarki."

Wai wasu masu sayar da kayan gida ne suka gina ɗakin girki guda a cikin rumfarsu, aka bar gabansa a buɗe don 'yan kallo. Baba ya bar tasa rumfar a hannun wani masaƙin tabarma daga Shanga, ya tare a can. Kullum yana jan durowa yana mayarwa, yana leƙa ƙarƙashin tebur, yana aunawa da kamu da taƙi, har masu wurin suka gaji suka ƙyale shi.

"Ba toka, ba kunkunniya, ba hayaƙi ko kaɗan," in ji shi. "Mace na tsaye, komi na kusa da hannunta. Wuta ƙarama, shuɗiya, bisa tebur. Wallahi in na samu katako ni ma ina yin shi."

Inna tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. "A tsaye? Ni ɓarauniya ta da zan yi girki a tsaye?"

Katako kuwa yana da shi. Akwai wasu allunan maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo a ƙarƙashin rumfa, waɗanda yake cewa da su zai ƙera jirginsa na ƙarshe, wanda ba na sayarwa ba. Su ya jawo. Ya gina ɗaki na jan ƙasa, ya rufa kwano, ya buɗe babbar taga mai duban ruwa. Ni na sayo risho a kasuwar Yelwa da galan na kananzir. Abu ɗaya Baba ya roƙe mu, kada maganar ta tsallaka ruwa sai an gama. Namiji mai furfura ya bar jirgi ya koma gyaran madafi, ya san abin da za a yi da shi a gindin bishiyar hira, har mijin-ta-ce sai an kira shi. Mutanen gari suna jin guduma da zarto, suka ɗauka jirgi ne.

Duk ƙarshen mako idan na zo sai in tarar an ƙara wani abu. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, har yau kuma ban gani ba. Bai yi shi irin na Kaduna sak ba, ya yi shi irin na wanda ya shekara talatin yana kallon mace guda tana girki. Ya haɗa bakin durowoyin kamar yadda yake haɗa cikin jirgi, ko tururuwa ba ta samun hanya. Ya fafe gurbi a gefe inda randa za ta zauna. Ya jera 'yan ƙugiyoyi na ice don muciya da maburgi da ludayi, kowanne daidai tsawonsa. Ya tuna cewa mace da ƙafa take tokare tukunya idan tana tuƙi, a tsaye kuwa babu ƙafar tokarewa, sai ya sassaƙa wani maƙali da zai riƙe tukunyar tuwo kada ta juya. Da ya gama ya bi komai da man kaɗe yana gogawa, har maɗacin ya yi ja yana ɗaukar ido.

Sau ɗaya aikin ya kusa tsayawa. Ya zo auna Inna don ya san inda tsawon teburin zai tsaya, bai ga igiya kusa ba, sai ya zari karan dawa daga danga. A wurinmu gawa ake aunawa da kara, a kai wa masu haƙa. Inna ta ga karan ta ja da baya.

"Malam, ka ƙosa na? Bari in mutu tukuna."

Baba ya dubi hannunsa, ya yar da karan kamar ya ƙone shi. Ya yi ta salati. Daga baya da ido ya auna ta, tana tsaye a bakin ƙofa ba ta sani ba.

Ranar wata Juma'a da yamma aka buɗe madafin. Inna ta shiga tana taɓe baki, ta ce ai wannan ɗakin amarya ne, ita kuwa ta wuce nan. Amma na ga hannunta. Ta ja durowa ta mayar, ta sake ja ta mayar. Ta shafa saman teburin, ta gane katakon, ta juyo ta dubi Baba.

"Jirginka na wanga?"

"Jirgi ai ina da shi," in ji Baba, yana duban wani wuri.

Inna ta ɗaura zane da kyau ta ce in kunna mata abin. Ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi a tsaye, tana mita daga farko har ƙarshe. Wutar ba ta da ƙarfi, ƙafafunta sun gaji, miyar za ta yi warin kananzir. Miyar ba ta yi warin komai ba. Kuma tun daga ɗora tukunya har sauke ta, Inna ba ta yi tari ba. Ni da Baba muna tsaye a taga muna sauraro, ba mu dubi juna ba don kada mu ɓata abin. Ban taɓa yin farin ciki irin na wannan yammacin ba. Na ɗauka mun ci nasara. Baba ko masallaci bai tsallaka ba, a gida ya yi sallolinsa, yana gadin risho don an ce masa yana fashewa.

Da safe ma a nan ta dama kunu. Rana ta ɗan ɗaga, tana tsaye tana yanka albasa, sai muka jiyo salati daga bakin ruwa.

Na leƙa ta taga. Jirage ne cike da mutanen gari. Mata da akusa da ƙore a kai, maza da diga da shebur, liman a gaba. Kowa ya san Inna ba ta da lafiya. An ga na sauka jiya. Ba a ga Baba a masallaci ba. Jiya da yamma babu hayaƙi, yau da safe babu. Babu wanda ya tsaya wani tunani, duk abin da suka sani tun daga gungu ya gaya musu abu guda.

Wadda ta fara shigowa ita ce aminiyar Inna tun ƙuruciya, wadda nake kira Gwaggo. Tsibirinsu ɗaya, tare aka yi musu kitson farko. Ta shigo tana kuka tana kiran Inna da sunan wasan da su biyu kaɗai suke amfani da shi. A hammatarta akwai farin yadi a naɗe, wanda ta saya ta ajiye don nata likkafanin, ta ɗauko don kada a tsaya jiran kasuwa. Ta bi muryata har ƙofar sabon ɗakin, ta tarar da mamaciyar a tsaye da wuƙa a hannu.

Gwaggo ta tsaya cak a bakin ƙofa. Wani yaro ya yi dariya, aka make shi. Maza suka fara ɓoye diga a bayansu, kamar diga abin ɓoyewa ce. Liman ya yi gyaran murya ya ce alhamdu lillahi, ai tsawon rai ne, wanda aka yi wa haka yakan daɗe. Baba ya fito yana ba da haƙuri yana bayani, ga risho, ga tebur, ga abin da likita ya ce. Ni kam haushi ya cika ni. Na so in tambaye su ko ƙafar mutum ɗaya ta karye ne da ba za a turo shi ya leƙo ba, kafin a kwaso diga.

Inna ba ta dubi kowa ba sai farin yadin. Ta ajiye wuƙar a hankali.

"Kun zo da wuri," ta ce. "Ku zamna ku sha kunu."

Suka sha kunun kuwa, don babu yadda za su yi. Aka ci abincin makoki a tsakar gidanmu, wadda aka zo wa makokin tana rarraba ludayi. Wasu matan har suka shiga kallon madafin suna yabawa da murya ƙasa-ƙasa. Da suka tafi, Inna ta ɗauki 'yar kujerarta ta nufi tsohon ɗakin ciyawa. Ta share tokar da ta kwana, ta gyara duwatsun murhu, ta haɗa ice, har da ɗanye a ciki. Babu abin da za ta dafa a lokacin. Hayaƙi ya turnuƙe ya fita ta rufin, ita kuma tana zaune a ciki tana tari.

Na yi faɗa a ranar har muryata ta dushe. Na ce garin neman gira za ta rasa ido. Na ce mutanen da suka zo binne ta da ranta ba su isa ta kashe kanta dominsu ba. Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakin, abin da ban taɓa gani ba, ya ce ta yi wa Allah ta fito, shi zai bi gida gida ya gaya wa kowa. In hayaƙi take so a gani, zai riƙa hura wuta a bayan gida ita tana can tana girkinta.

"Wutar ƙarya?" in ji ta. "Ran da na mutu ma sai ka hura, su ce ina nan?" Ta yi tari mai tsawo. "Malam, aikinka ya yi kyau, Allah shi saka. Amma na ga likkafanina yau. Ina tsaye cikin ɗakin ga kamar ba ni duniya. Ka bar ni inda ake ganina."

Gwaggo ta dawo bayan kwana biyu ita kaɗai, kunya ta hana ta haɗa ido da kowa. Ta roƙi Inna ta koma sabon madafin. Ta ce mata sun yi magana a gari, an gane, daga yau gidanmu ba a karanta hayaƙinsa, ko an ga babu an san dalili. Inna ta ce ta ji. Washegari ta hura murhunta kamar kullum.

Madafin tsaye ya zama wurin ajiye kwanoni. Baba yana shiga duk safiya ya goge ƙura, ya ja durowoyi don kada su cije, ya fito. Bai sake roƙonta ba. Mutanen gari ba su yi masa tsiyar da yake tsoro ba, kuma ina jin da sun yi da ya fi masa sauƙi. Ni ce ban daina ba. Duk zuwana sai mun yi, ita da baki ni da baki, har sai tari ya raba mu. Na ji haushinta ƙwarai a watannin nan, kuma ina son ta fiye da kowane lokaci. Abin ya yi mini ciwo, ina kallon maganin yana tsaye taku kaɗan daga inda take zaune.

Da damina ta yi nisa, aka shiga marka, ta kwanta. Lokacin muna hutun makaranta, na dawo gida gaba ɗaya. Ni nake girki, a kan risho, don kada hayaƙi ya iso inda take. Kwana ɗaya kawai ta bari aka yi hakan. Da safe ta buɗe ido ta ce, "An hura wuta?" Na ce kunu ya kusa. Ta ce ba kunu ta tambaya ba.

Baba yana zaune a bakin gadon. Ya tashi ya nufi ɗakin ciyawa. Ruwa ya kwana yana zuba, duk icen gidan ya jiƙe sharkaf, ya yi ta fama ashana tana mutuwa. Can na ji ƙarar gizago daga sabon ɗakin. Na fita na tarar da shi ya zaro durowa guda, ta cokula, yana tsaga ta ƙanana. Ita ce kaɗai busasshen ice a gidan.

Na ce, "Baba!"

"Ta kama dai," in ji shi. "In ta kama, jiƙaƙƙen na bi."

Ta kama. Maɗaci mai man kaɗe ba ya gardama da wuta. Ya ɗora tukunyar ruwa a kai don kada ta zama wutar ƙarya, ya dawo ya ɗaga labulen ƙofa, ya gyara wa Inna matashi ta yadda za ta hango rufin ɗakin ciyawa. Ta daɗe tana kallon hayaƙin yana fita cikin yayyafi, sannan ta karɓi kunu.

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Marka ba ta ɗaga ba. Durowoyi suka ƙare, ya koma kan ƙofofin kabad, sannan 'yan ƙugiyoyin muciya da ludayi. Bai taɓa barina in tsaga ba, da hannunsa yake yi, kuma yana zaɓar inda ba za a gani daga ƙofa ba tukuna. Inna tana jin gizagon, ta san ƙarar kowane ice a gidan nan. Ba ta tambaya ba.

Ta rasu bayan sallar asuba, kanta a cinyata, Baba yana riƙe da ƙafarta. Ruwa ya ɗauke a daren, gari ya waye tas. Muka rufe ta. Na miƙe zan nemi mayafi in tsallaka, Baba ya ce in zauna, ba a barin ta, kuma ai za su gani. Jiya da yamma bai tashi daga gefenta ba, ba a hura wuta ba, yau ma babu. Za su zo.

Muka zauna. Rana ta fito ta hau kan mangwarori. Ina hango hayaƙin gari yana tashi gida gida. Duk motsin da ruwa ya yi sai Baba ya ɗaga kai. Hantsi ya yi, inuwa ta fara gajarta, babu jirgi ko ɗaya. Daga ƙarshe ya dube ni, na ɗauki filafilin tuƙa jirgi na sauka bakin ruwa.

Gwaggo na wanke-wanke a wancan gefen. Ta hango ni tun daga nesa ta miƙe tana share hannu a zane, fuskarta cike da fara'a. Kafin jirgin ya taɓa ƙasa ta fara magana.

"Malama, mun gani! Tun jiya munka ga babu hayaƙi. Na ce wa mata ku bar su, kada wadda ta tsallaka, ta ji sauƙi ta koma madafin Malam. Wallahi har sadaka na yi."

Na riƙe bakin jirgin. Ta matso ta dubi fuskata da kyau, kwanon da ke hannunta ya faɗa ruwa.